Tsirkiyar Agogon Misis Whitlow

Alexandria, Virginia
10 ga Fabrairu, 1986

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Yau shekara takwas da wata biyar rabona da gida. Da safen nan na lissafa, ina tsaye cikin sanyi ina jiran bas. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Mairo da yara. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, in ban da tarin da yake zuwar mini duk hunturu, shi ma mun saba da juna.

Bayan haka, ina cikin wani hali. Ka san Mista Varga, tsohon nan ɗan Hungary mai gyaran tsofaffin agogo, wanda nake wa aiki tun da kuɗin karatuna ya yanke. Ranar Talatar da ta wuce ya faɗi a gefen teburinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi, yana asibiti. 'Yarsa Ilona ta miƙo mini makullai, ta ce in ci gaba da buɗewa har a ga yadda za ta kaya.

Za ka ce ai ci gaba na samu. Shekara biyar ina ɗakin baya, tsohon bai taɓa bari mai kaya ya ga fuskata ba. Bizata ta mutu tun 1981, sunana ba ya cikin ko takarda ɗaya ta shagon, shi ya sa yake biyana rabin abin da zai biya Bature. Yanzu ga ni a gaba, bayan gilashi, duk mai wucewa yana kallona. In ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara sai in leƙa in ga ko ni aka zo nema. Watan jiya 'yan imigireshan suka kwashe mutum huɗu a wani wurin ajiye motoci a Washington, har da Martins ɗan Kafanchan da muke cin tuwo tare. Ana ta cewa majalisarsu za ta yi dokar yafe wa waɗanda suka daɗe a ƙasar, a ba su takarda. Shekara uku ke nan ana faɗa. Abin da ake so daga irina kafin ranar shi ne mu lafe, kada sunanmu ya hau takardar kowa.

Amma abin da ya fi hana ni sakewa yana cikin akwatin ƙarfe na shago. Agogon aljihu ne na wata tsohuwa, Misis Whitlow. Tsohon ya ce a wani gari na Faransa mai suna Blois aka ƙera shi, wajen shekarar 1640. Faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba. Gidansa zinari ne, sai dai ba ka ganin zinarin, an rufe shi ciki da waje da fentin gilashi. Ka tuna kwanukan jeren Inna, masu rufin nan mai sheƙi da yake ɓantarewa in kwano ya faɗi? Dangin abin ne. Ana niƙa gilashi mai launi ya yi laushi kamar kwalli, a kwaɓa da mai, a yi zane da buroshi mai sili uku ko huɗu, a sa a wuta, a fitar, a ƙara wani launi, a sake mayarwa. Duk shiga wuta tana iya kashe aikin wata shida. A bayansa an zana mace a bakin rijiya da tulu a kafaɗa. Shuɗin zanenta, ko marinan Ƙofar Mata ban ga sun taɓa fitar da irinsa ba. Da gilashin ido ina ganin gashin girarta.

Hannu ɗaya gare shi, na awa. Mutanen lokacin ba su damu da minti ba. Kowane haƙori na ƙarafan da suke juyawa a cikinsa da magagari aka fiƙe shi, in ka duba sosai babu biyu da suka zo ɗaya. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da yake tafiyar da shi, yana jan wani ƙarfe mai siffar katantanwa, don ƙarfinsa ya riƙa sauka daidai, kuma abin da ya haɗa su tsirkiya ce ta hanjin tunkiya, siririya kamar zaren ɗinki.

Matar tana so ta ba wani gidan tarihi shi da sunan mijinta da ya rasu. Ta gudu Florida saboda sanyi, sai 15 ga Afrilu za ta dawo ta karɓa. Aikin kaɗan ne, tsohon ma ya faɗa mini ana gobe zai faɗi: a wanke gidan kawai. Ya ce kuɗin agogon ya fi na shagon da ginin da yake ciki. Kwana shida ina buɗe akwatin ina rufewa, ban taɓa shi ba.

Baba nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Da shi ne, ba zai bari agogon nan ya bar teburinsa a tsaye ba, sai yana bugawa.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Dabo


Alexandria
18 ga Fabrairu, 1986

Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya. Na san takardata ta farko ba ta ma iso ka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa a nan.

Na fasa shi.

Ranar Asabar da hantsi na kulle ƙofa, na shimfiɗa ƙyalle, na yi wankin yadda aka koya mini, da auduga da ruwa kaɗan, lungu-lungu. Awa uku na yi. Ya fito tas, har na ga ashe akwai tsuntsu a bakin rijiyar da datti ya ɓoye. Na ji daɗi, Yaya. Rabona da jin daɗin wani abu haka na manta.

Ka san yadda Baba ya yi mana. Ko maɗauri mutum ya kawo a canza masa, sai an yi wa agogon wani, wato an murɗa shi, an saita shi da rediyo, an kanga masa a kunne, sannan a miƙa. Sau nawa ya bugi hannuna a kan na miƙa agogo a tsaye? Wallahi ban zauna na yanke shawara ba. Na gama goge shi, na ga hannuna ya riga ya ɗauki makullin murɗa shi ya zura.

Murɗi biyu, ya tashi. Agogon da Allah kaɗai ya san rabonsa da motsi ya fara bugawa a tafin hannuna. Na ƙirga goma sha ɗaya. Sai na ƙara murɗi ɗaya. Tsirkiyar ta tsinke, sifirin ya saki gaba ɗaya, makullin ya juyo ya tsaga mini babban yatsa, agogon ya yi tsalle ya bugi bakin tebur, inda ƙyallen bai kai ba.

Fentin ya ɓantare daga kafaɗar matar zuwa goshinta. Inda fuskarta take, zinari ne yanzu yake kallona. Na durƙusa da hantsaki da fitila har la'asar ina tsintar gutsattsari a tsagogin katako, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Suna cikin gwangwanin magani a aljihuna. Ko wanka zan shiga sai na ajiye shi inda nake gani.

Ga yadda abin yake tafiya a ƙasar nan. Matar za ta kira kamfanin inshora. Kamfanin zai turo mutum da takarda, tambayar farko a kanta ita ce wa ya taɓa shi, ta biyu lambarsa ta aiki. Ba ni da lamba. Daga nan ban san ko 'yan sanda ne za su riga zuwa ko 'yan imigireshan ba. Martins da ankwa aka hau da shi jirgi, shi kuwa bai fasa komai ba.

Jiya wani ɗan sanda ya shigo a sa masa batir. Na kasa buɗe bayan agogonsa, har ya tambaye ni ko sanyi nake ji. Na ce e. Da ya fita na shiga bayi na yi amai.

Ban faɗa wa Ilona ba tukuna. Saura kwana hamsin da shida. Ka duba mini, kujerar nan tawa ta gefen teburin Baba tana nan kuwa? Kada ka bayar da ita.

Dabo


Fagge, Kano
28 ga Fabrairu, 1986

Zuwa ga ƙanena Dabo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta 10 ga wata ta iso jiya, mun karanta, mun gode Allah da kake lafiya. Inna ta samu sauƙi, har ta je suna Gwammaja da ƙafarta. Ta ce ka riƙa shan citta da zuma don tarin nan. Mairo da yara suna gaishe ka. Allah ya ba maigidanka lafiya.

To Injiniya, an zama mai shago a Amurka, sai mu riƙa neman izini kafin mu rubuto. Mu nan kasuwa sai godiya. Agogon roba mai batir ya cika Sabon Gari, in ya mutu a yar a sayi wani. Rabin aikina yanzu canza batir ne. Na karanta bayanin agogon nan naka sau uku, na karanta wa Malam Sani na kusa da ni, ya ce ƙarya kake, ba a sa hanjin tunkiya a agogo. Na ce masa ƙanena duk halinsa ba ya ƙarya, baƙin rai ne dai da shi.

Amma layinka na ƙarshe ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubutu yau ban bari sai Lahadi ba. Ka ce Baba ba zai bar shi a tsaye ba. Zai bar shi, Dabo. Shekarar da kake aji uku a makarantar kwana, wani Balarabe mai kanti ya kawo agogon kakansa, mai 'yar sarƙa a ciki kamar ta keke, sai dai ba ta fi gashi kauri ba. Kwana uku yana teburin Baba. Ya buɗe, ya duba, ya share, bai taɓa makullin ba. Na kai hannu zan yi masa wani, ya riƙe mini wuyan hannu har sai da ya yi shati. Ya ce wanda ya tsufa haka ba a tashinsa, duk abin da ya rage masa na ƙarfi a murɗin farko zai fita. Ya mayar wa Balaraben a tsaye, ya ƙi karɓar ko kwabo. Sau ɗaya ke nan na ga ya yi haka a rayuwarsa.

Don haka ka wanke, ka rufe, ka zauna a kan hannayenka. Na san ka, hannunka ya fi kanka sauri. Maganar tsoron ƙofa kuwa, ka riƙe addu'ar fita daga gida, ba abin da zai same ka.

Yayanka,
Auwalu


Alexandria
16 ga Maris, 1986

Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ni ina nan, na rame, tarin ya tafi.

Takardarka ta iso ranar Juma'a. A tsaye na karanta ta a bakin akwatin wasiƙu, da na kai wajen Balaraben sai na zauna a matakala. Kwana ashirin da bakwai ta makara. Ba laifinka ba ne, na sani. Amma a ce shekara goma sha biyar ba wanda ya taɓa ba ni labarin nan? Aka tura ni boko, aka bar ni da rabin dokar Baba a hannu.

Mako biyu na yi ina neman hanyar ɓoyewa. Akwai wani ƙaro da ake cike gurbi da shi ba tare da wuta ba, a shafa launi a kai. Na gwada a kan wani fasasshen murfi, ya yi kyau a ido. Sai dai gidajen tarihi suna da wata fitila mai shuɗin haske da take tona shi a minti ɗaya. Na yi tunanin hawa bas zuwa Chicago in ɓace. To in na ɓace an ga agogo a fashe, ɓarawo na zama, da hotona za a neme ni.

Sai na nuna wa Ilona, ranar da ta zo ƙirga kaya, don tana so ta sayar da shagon da sunansa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa faɗan nake jira. Ta ce in zo mu je asibiti.

A can na haɗu da wata nas, Pauline, 'yar Filato. Ta ji ina salati a ƙofar ɗakin sai ta ce da Hausa, “Malam, kai ne ɗan nasa? Kun yi kama, musamman hancin.” Na yi dariya, ta farko a wata guda. Ta ce mini tsohon yana jin komai, kada in ga bakinsa a karkace in ɗauka ba kowa a ciki.

Na zauna kusa da shi, na buɗe gwangwanin na nuna masa. Shuɗin kawai ya gani ya gane. Ya ɗaga hannun hagu, ya haɗa yatsu biyu, ya murɗa su a iska yana kallona. Na gyaɗa kai. Ya rufe ido.

A nan, a kansa, Ilona ta faɗi abin da ta shirya. Za ta rubuta wa inshora cewa agogon yana hannun babanta lokacin da ya faɗi. Ba wanda zai tuhumi mutumin da ba ya magana, kamfani zai biya, matar ta samu kuɗinta. Na ce ni fa? Ta ce, “Kai ai ba ka nan. Ba ka taɓa zama a shagon nan ba. Ka zauna a gida ranar, shi ke nan.”

Yaya, ka ga ƙofa a buɗe. In na yi shiru, na tsira, in jira dokar nan kamar kowa. Kuma in don tsohon ne, ba ya bina bashin alheri mai yawa. Shekara biyar bai koyi sunana ba, Devi yake kirana. Ranar Sallah bai taɓa ba ni hutu ba. Amma in zan faɗi gaskiya, a albashi ya cuce ni, a ilimi bai rage mini komai ba. Shi ya riƙe yatsuna ya koya mini fiƙe haƙori. Da jakar kayan aiki kaɗai ya tsallake iyakar ƙasarsu da ƙafa, ya yi shekara talatin a garin nan ana kawo masa abin da ake tsoron ba kowa, bai taɓa ɓantare ko ɗaya ba. Yana alfahari da wannan fiye da 'yarsa, ita ma ta sani. Da ta gama magana ya juya fuskarsa bango. Pauline ta ce har muka tafi bai juyo ba, abinci ma ya ƙi.

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In na ji taku a baranda sai na daina numfashi har ya wuce ƙofata. Ka faɗa mini abin da zan yi. Ka rubuto ranar da ka samu wannan, ko layi biyu ne. Saura kwana talatin.

Ƙaninka,
Dabo


Fagge, Kano
13 ga Maris, 1986

Dabo,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya a nan, sai ni da takardarka ta 18 ga watan jiya ta hana ni cin abinci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe lokacin da nake zaune ina ba ka labarin Balarabe, aikin gama ya gama. Na je gidan waya sau biyu in buga maka, layin waje bai shiga ba.

Na yi wani kuskure, gara ka ji daga bakina. Ka san Inna ba ta yarda takardarka ta kwana ba a karanta mata ba. A zaure ta tare ni, ban samu na duba ni kaɗai ba, na fara karantawa da ƙarfi. Ina kaiwa layi na uku na ga inda aka dosa, sai na yi tari, na yi ta tsallakewa ina neman abin da zan iya faɗa. Inda na sauka shi ne maganar kujerarka. Ita kaɗai na karanta mata.

Sai ta ce, “Dabo zai dawo ke nan.” Kafin magariba ta sa an fitar da buhunan hatsi daga ɗakinka. Washegari aka shafa farar ƙasa. Yanzu duk layinmu an san da kai za a yi azumin bana, Gwaggo Lami har ta fara lissafa 'yan matan dangi. Kujerar kuwa an kai wa kafinta ya gyara ƙafar da take rawa. Sau uku ina buɗe baki in gyara mata maganar, in na ga fuskarta sai in kasa.

Ni dai ban gane ba, ana ɗaure mutum a kan agogo a can? Ba sata ka yi ba. Malam Sani ya ce ka ce haka ka same shi, wa ya gani? Ni ban ce ka yi ba, ban ce kada ka yi ba. Ba na so Inna ta ga an sauko da kai da ankwa, kuma ba na so ka yi shekara takwas a banza saura ƙiris takarda ta fito. Ka yi duk abin da zai fitar da kai. Laifin ma rabinsa nawa ne, da na ba ka labarin tun da daɗewa.

Ka rubuto da sauri. In na ga mai kawo wasiƙa ya wuce shagona bai tsaya ba, sai in ce an riga an kama ka.

Auwalu


Alexandria
20 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, ina gaida Inna da kyau. Ina lafiya, ba a kama ni ba. Wannan ba ta gidan waya za ta biyo ba, ƙanwar Pauline za ta tafi Jos ta Kano jibi, ita za ta kawo maka shago.

Takardarka ta 13 ga Maris ta same ni. Na yi fushi da kai kwana biyu a kan Inna, sannan na tuna ni ma da haka zan yi. Amsar tambayar da na yi maka kuwa har yau ba ta zo ba. Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙu, har safiyar ranar. Ban ce ba ka rubuto ba, wataƙila tana hanya, wanda ya gaji ɗakina ya karanta.

Ilona ta buga takardarta, ta ce ita za ta kai wa matar agogon gida ranar Talata da rana. Ni kuwa da safe na buɗe akwatin ƙarfen na ɗauke shi. Kada ka ɗauka jarumta ce. A jirgin ƙasa na Metro na sauka tasha biyu kafin tawa, na zauna a benci, na sake hawa. Da juyawa ta fi sauƙi da na juya, amma na riga na ɗauko shi, in na koma ma sai na yi bayani.

Gidan yana arewa maso yammacin Washington, wajen ofisoshin jakadanci. Misis Whitlow 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Na ajiye agogon a teburinta, na ajiye gwangwanin a gefe. Ta ɗauko gilashinta ta duba, ta daɗe ƙwarai. Ta tambaya wa ya yi. Na ce ni. Ta tambaya ko Mista Varga ne ya ce in murɗa. Na ce a'a, wanki kawai ya ce, kuma yana kwance asibiti kwana goma sha ɗaya kafin abin ya faru. Ta ce to me ya sa? Na ba ta labarin teburin Baba, da Turancin da ya rage mini a baki.

Sai ta ce, “Ya tashi?”

Na ce ya buga sau goma sha ɗaya.

Ta ce mijinta shekara arba'in yana riƙe da shi, bai taɓa jin muryarsa ba. Ta ce in faɗa mata yadda yake. Na ce a hankali yake tafiya, da ɗan ɗingishi, bugu ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Na ƙwanƙwasa mata a tebur da farce. Ta sa na sake.

A nan na ɗauka na tsira. Na faɗa mata maganar takarduna, duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba za ta kira 'yan sanda ba, amma ba ta taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, kuma ba za ta fara a shekara tamanin ba. Lauyanta zai aika wa inshora bayani ranar ɗaya ga Mayu, da sunana a ciki yadda na faɗa. Ta ce, “Kana da kwana goma sha biyar. Na ƙi jinin abin da ka yi wa fuskar nan.” Ba ta miƙo mini hannu ba. Ban ga laifinta ba.

Ilona ta karɓe makullai a ranar. Ta zage ni da yaren da ban sani ba. Ta ce yanzu kamfani zai iya ƙin biya, tunda wanda ba ya cikin takarda ne ya taɓa kayan, kuma ita za a bi. Wataƙila haka ne. Ban yi tunanin wannan ba sai da ta faɗa, kuma yana damuna. Ta hana ni ganin tsohon. Pauline ce ta faɗa masa, ta ce ya saurara, bai yi wata alama ba, amma ya sha kununsa na yamma.

Ba zan jira a zo a ɗauke ni ba. Dokar nan, in ta fito, ta samu wasu. Zan sauka Kano ranar Laraba, 30 ga wata. Har in ga jirgi ya ɗaga ba zan yarda na fita ba, akwai tebur biyu da za a duba fasfona kafin nan.

Ga lissafin abin da na iya tsirarwa, don kada a sa rai. Na agogon: gurbi goma sha bakwai ne, na tsinci gutsure goma sha biyar, na bar mata su. Biyun na fuska ne, ban gan su ba. Nawa: sukudireba shida, hantsaki uku, magagari huɗu, gilashin ido ɗaya, duk ni na saya. Littafi biyu da na zana cikin tsofaffin agogo arba'in da ɗaya. Kwat ɗin sanyi, ban san me zan yi da shi a Fagge ba. Digiri babu. Abin da na tara, tikiti ya cinye.

Kai kaɗai ka zo filin jirgi. Akwati ɗaya ne, zai hau bayan babur ɗinka.

Ƙaninka,
Dabo